Jirgin Mijin Ɗelu

Shekarar da muka sauka Kuala Lumpur, maigidana zai fara digirinsa na uku ni kuma ina fama da goyo, wadda ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa ita ce Ɗelu. Hawa ɗaya muke da ita a wani dogon bene a Wangsa Maju. Ta shigo riƙe da kular tuwon shinkafa da miyar kuka, ta dubi katifar da muka yada a ƙasa, ta dubi akwatunan da ko zuge su ba mu yi ba, sannan ta tambayi sunana.

Na ce, “Najiba.”

“To Najiba, shekara nawa aka ce muku za ku yi?”

“Uku.”

“Ki sa ya saya miki gado. Ni shekara ɗaya da rabi aka ce mini, ga ni a cikin ta huɗu.”

Ban gane inda ta dosa ba sai da sauran matan ɗalibai suka ja ni gefe. Suka ce duk abin da nake so in tambayi Yaya Ɗelu, daga inda ake samun kuɓewa har asibitin da ya fi sauƙin layi, amma kada in kuskura in ce mata yaya jirgi. Ashe ma ba sai an tambaya ba. Da kanta take ɗauko zancen, ta yi ta faɗa har abincin da ke kan wuta ya kama.

Ɗelu 'yar Bichi ce. Bayan maza aka haife ta, a cikinsu ta tashi, shi ya sa ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Lissafi take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano, kuma tana son aikinta. Mijinta Abdulwahidu injiniya ne a sojan ruwa, siriri mai tabarau, irin mutanen da sai sun daɗe suna juya magana a ransu kafin su furta ta. Tun da aka yi aurensu ba su taɓa daɗewa wuri ɗaya ba. Shi yana bakin teku a kudu, ita tana Kano da 'yarsu tilo Kamila, sai hutu ya haɗa su. Saboda haka ranar da ya bugo ya ce an zaɓe shi ya je Malesiya ya sa ido a kan ƙirar wani sabon jirgin yaƙi na sintiri, kuma an yarda ya tafi da iyali, Ɗelu ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta nemi hutu a wurin aiki, ta kai kayan ɗakinta gidan mahaifiyarta, ta biyo shi.

Sai da suka sauka ta gane ma'aikatar da ake ƙera jirgin ba a birnin take ba. Tana can bakin teku, tafiyar rabin yini a mota, a wani ƙaramin gari da babu makarantar da za ta karɓi Kamila. Dole ya kama musu gida a Wangsa Maju, shi kuma ya riƙa zuwa ƙarshen mako.

“Kin ji fa,” in ji ta. “Na tsallako rabin duniya don in ci gaba da irin zaman da nake yi a Kano. Can ma gara, ina da aji, ina da uwa.”

Tarihin jirgin nan Ɗelu ta san shi ciki da bai. Da farko komai ya tafi daidai, har an haɗa gangar jikinsa. Sai wata tawaga ta zo daga gida, suka ga zanen igwar da za a kafa a gaba, suka ce ta yi ƙanƙanta. Aka sauya ta da babba. Babbar ta fi ƙarfin gaban jirgin, dole aka yanke ƙarfen da aka riga aka yi wa walda, aka sake ginawa. Ana cikin haka aka yi sauyin shugabanni a hedkwatarsu, sababbin suka ce injin da na da suka zaɓa ba shi suke so ba. Wanda suke so kuma ya fi mazauninsa tsawo. Abdulwahidu ya rubuta, ya yi bayani, ya buga waya, aka ce masa an gode, za a duba.

“Ni dai na tambaye shi,” in ji Ɗelu. “Na ce Baban Kamila, su mutanen nan ba sa zama su gama shawara kafin a kunna wutar walda? Ya ce abin ba haka yake ba. Na ce to yaya yake? Sai ya cire tabarau ya hau gogewa.”

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tawagogin. Duk bayan 'yan watanni sai wasu manya su sauka, wai sun zo duba aiki. Yini guda suke yi a ma'aikatar, a sa musu hular kwano a zagaya da su, a ɗauki hoto. Sauran kwanakin a Jalan Tuanku Abdul Rahman suke ƙarewa, titin masu yadudduka da mayafai. Da yake kuma babu wanda ya san kantunan kamar Ɗelu, ita ake roƙo ta raka su. Ta ba ni labarin wani babba da ta raka. Yana tsaye da yadi biyu a hannu, ta daure ta ce, “Ranka ya daɗe, yaushe ake sa ran gama jirgin?”

Ya ce, “Ai an kusa, Hajiya, an kusa. Wai tsakanin wannan ruwan hodar da wannan ruwan tokar, wanne kike ganin zai fi yi wa maiɗakina kyau?”

Ta ce wanda ya fi muni ta zaɓa masa.

Lokacin da muka zo, rukunin farko na sojojin da za su yi aiki a cikin jirgin suna nan. An turo su horo tun jirgin ba shi da inji. Aka kama musu gidaje kusa da mu, kullum da safe su hau jirgin ƙasa su tafi wata cibiya a cikin gari, inda ake koya musu tuƙi da sarrafa na'urori a gaban allunan talabijin. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci a Kampung Baru, gidan Ɗelu suke wucewa. Har waɗanda ba Musulmi ba sai ka tarar sun riga kowa zuwa, suna zaune a bakin lif suna jira. Ba wanda ya sa ta. Ta ga yadda suke ramewa ne da cin shinkafar leda, ta sayi babbar tukunya. Tana zuba musu tana yi musu faɗa, suna ci suna cewa, “Mama, a ƙara miya.”

A cikinsu akwai Alkasim, mutumin Yawuri, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda aka ware wa aikin wutar lantarkin jirgin. Shi kaɗai ne a cikin 'yan arewan da ya tashi a bakin kogi, ya iya kwalekwale tun yana ƙarami. Ba shi da yawan magana, amma shi Ɗelu ta fi ja a jiki, tana cewa yana tuna mata da yayanta na uku. Da wa'adin horonsu ya cika aka kwashe su aka mayar gida, ba tare da sun taɓa taka jirgin yana motsi ba. Aka ce su zauna cikin shiri, da an gama za a dawo da su.

Farkon shekarar da annoba ta rufe duniya, Abdulwahidu ya zo wata Asabar da fara'ar da ba a saba gani a fuskarsa ba. Ya ce an sa rana. Za a saukar da jirgi ruwa, a yi gwaji, kafin azumi sun kama hanyar gida.

Ɗelu ta ce, “Ka tabbata?”

Ya ce, “Wannan karon kam na tabbata.”

Mutum ne da ba ya alkawari, shi ya sa ta yarda. Ta je makarantar Kamila ta ce su ba wani gurbinta. Ta sanar da mai gidan haya. Sannan ta hau rabon kaya: firiji ga wannan, injin wanki ga waccan, labule da kafet ga wasu sababbin zuwa. Ni ta ba ni injin markaɗe da babbar tukunyar nan. Muka yi mata walimar bankwana a falona, muka ci waina, aka yi kuka, aka yafi juna.

Ba a yi wata guda ba aka rufe gari. Aka kulle ma'aikatar, masu walda da suka zo daga wasu ƙasashe kowa ya nemi hanyar garinsu. Da aka buɗe kuma sai aka ji ma'aikatar ta canza hannu, sababbin masu ita sun ce sai an sake zama a kan yarjejeniya.

Ranar da aka sassauta dokar fita, na ji an ƙwanƙwasa. Ɗelu ce, da takunkumi a fuska, ba ta ko shigo ba.

Ta ce, “Najiba, ban taɓa yin kyauta na dawo karɓa ba tunda uwata ta haife ni. Amma tukunyata nake so.”

Na ɗauko mata har da injin markaɗen. Haka ta bi gida gida. Labulen an riga an yanke su sun zama na wata taga. Firijin kuwa wadda aka ba ta ba wa ƙanwar mijinta a wata unguwa, ƙanwar ta cika shi da kifi, ta ce ita ba ta san da zancen ba. Ɗelu ta ce a bar mata. Gurbin Kamila ya tafi, sai wata makaranta mai nisa aka samu, jirgin ƙasa biyu take hawa kafin ta isa. Yarinyar ba ta damu ba. Duk abin da uwar ta ce sai ta ce, “Boleh lah, Umma,” wato ba komai, zai yiwu. Wannan amsar ma haushi take ba Ɗelu.

“Na zo da yarinya tana jin Hausa kamar jakar Kano,” in ji ta, “yanzu in na ce ta miƙo mini muciya sai ta tsaya tana kallona.”

A cikin wannan kullen ne mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Bichi. Babu jirgin sama, babu hanya. A waya ta yi jinyarta, a waya aka gaya mata rasuwar. Mun zauna da ita kwanakin makoki, ba ta yi faɗa ba, ba ta ambaci kowa ba, kuma shirun nata ya fi faɗan tayar mana da hankali. Ba a daɗe ba wata abokiyar aikinta ta sanar da ita cewa hutun da ta ɗauka ya wuce ƙa'ida, an ba wani ajinta. Daga nan ta daina cewa jirgi. Sai dai ta ce “wancan abin”.

Amma Ɗelu ba mai zama ba ce. Ta sayi farin allo ta rataye a falo, ta fara koya wa 'ya'yan ɗalibai lissafi da yamma. Kafin shekara ta zagayo har 'ya'yan Larabawa da na mutanen Sudan suna zuwa. Ana jiyo muryarta tun daga lif.

Sai da aka ƙara shekara biyu sannan aka saukar da jirgin ruwa. An gayyaci iyalai, ta ce ba za ta ba. Daga baya ta ce za ta, amma in raka ta, don tana so ta ga abin da ya cinye mata rayuwa da idonta. Muka hau bas da sassafe. Da muka isa, aka nuna mana shi a kan wasu dogayen ƙarafa, an shafe shi da fenti ruwan toka, an rataya masa tutoci.

Ɗelu ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Wannan ne?”

Na ce, “Shi ne.”

“Ni na zaci ya kai benenmu.”

Aka yi jawabai, aka yi addu'a, jirgin ya silale a hankali ya zauna a kan ruwa. Da jama'a suka ragu, Abdulwahidu ya nemi izini ya shiga da mu. Muka sauka wani matsattsen tsani zuwa ɗakin inji, ga zafi, ga warin mai. A nan na ga wani mutum daban. Wanda a gida sai an ja shi da magana, ga shi yana ta zuba, yana dafa wannan bututun yana cewa sau nawa aka sauya shi, yana nuna wancan lungun da ya yi mako yana gardama a kansa har aka gyara. Ɗelu ba ta kallon bututun. Kansa take kallo, wanda ya zo ƙasar nan baƙi wuluk, yanzu furfura ta cinye shi.

A bas, da muka kusa gari, ta juyo gare ni. Ta ce, “Aƙalla dai akwai shi. Wani lokacin har ina tunanin ko babu.”

Mun ɗauka an gama. Ashe saura masu tuƙa shi. Da aka nemi rukunin farko, sai aka tarar sun watse. An tura wasu ofisoshin da ko rafi babu a garin, wasu sun yi ritaya, da yawa kuma sun ajiye aiki sun koma jiragen 'yan kasuwa da na kamfanonin mai. 'Yan kaɗan da suka rage, na'urorin da aka koya musu an sauya rabinsu. Jirgi ya zauna ɗaure a bakin ma'aikata wata da watanni, masu ma'aikatar suna ta aike a zo a ɗauke shi suna bukatar wurin.

Daga ƙarshe aka turo rukuni na biyu cikin gaggawa. Su ma gidan Ɗelu suka gano, babbar tukunya ta koma kan wuta. Waɗannan sun fi na farko ƙuruciya, da yawansu ba su taɓa kwana a teku ba. Ranar gwajin farko, in ji Abdulwahidu, fiye da rabinsu a kwance suka yini suna amai. Wannan ba komai ba ne, ana sabawa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne wutar jirgin. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san sabon tsarin da aka sa, ga tafiyar za ta ratsa manyan tekuna biyu, ga shi kuma lokacin ritayarsa ya ƙarato.

Alkasim yana cikin waɗanda suka ajiye aiki. Yana wani babban jirgin dakon kaya da yake tsayawa a tashar Kelang lokaci lokaci, kuma duk tsayuwar da suka yi sai ya hau jirgin ƙasa ya zo gaishe da Mama. Irin tsarin wutar da aka sa wa jirgin yaƙin, shi yake aiki da shi kullum.

Wata Asabar da hantsi na shiga gidan Ɗelu aron rariya na tarar da ita da Abdulwahidu a tebur, shayi ya huce a gabansu. Zan juya Ɗelu ta ce in zauna in zama shaida.

“Maimaita mata abin da ka ce, Baban Kamila.”

Ya ce, “Cewa na yi ki yi wa Alkasim magana. Yana jin maganarki.”

“Wato yanzu ni ce ofishin ɗaukar ma'aikata. Na ciyar da su shekara guda, kuka kwashe su kuka watsar kamar ba ku san wahalar da aka sha a kansu ba. Yanzu kuma in ɗauki tuwona in je farauto muku su.”

“Ba ni na watsar da su ba.”

“Kullum ba kai ba ne. Ba kai ka sauya igwa ba, ba kai ka sauya inji ba. To ni wa zan kama? Kai kaɗai nake gani.”

Ya cire tabarau ya goge. Can ya ce, “Ɗelu, in wuta ta ɗauke mana a tsakiyar teku, ni kaɗai ba zan iya ba. Yaran nan da suke cin abinci a falon nan, su zan ɗauka. Tsoro nake ji.”

Tunda nake da su ban taɓa jin ya kira sunanta ba, kuma ban taɓa jin ya ce yana jin tsoro ba. Ɗelu ta tashi ta kwashe kofunan da ƙarfi, ta shige kicin. Daga can ta ce, “Yaushe jirgin su Alkasim zai tsaya?”

Da Alkasim ya zo, sai da ya ci ya wanke hannu sannan ta zauna a gabansa.

Ta ce, “An ce in lallashe ka ka koma. Ba zan lallashe ka ba, don in ɗana ne kai ba zan ce ka koma ba. Amma zan gaya maka halin da ake ciki.” Ta gaya masa komai.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Mama, da muka koma gida, sito aka ba ni in yi gadi. Bargo da takalma nake ƙirgawa. Na nemi a sa ni a jirgi, ko wanne ne, aka ce in jira nawa. Na jira har na fara manta abin da na koya. Kaki kam na cire shi ke nan.”

“Na ji.”

“Amma ina da dogon hutu nan gaba. In ma'aikatar za ta ɗauke ni a matsayin farar hula, zan raka Oga har gida.”

Masu ma'aikatar suka yarda nan take. Saura amincewar hedkwata, don ba a sa farar hula a jirgin yaƙi sai da izini. Abdulwahidu ya nema tun da wuri. Hutun Alkasim ya zo, izini bai zo ba. Maimakon ya tafi Yawuri wurin iyalinsa, sai ya sauka Kuala Lumpur ya raɓa a ɗakin wasu ɗalibai yana jira. Ko ƙofar ma'aikatar ba zai iya shiga ba. Kullum Abdulwahidu ya buga waya sai a ce maganar tana teburin wane, wane kuma ya yi tafiya.

Da Ɗelu ta ga kwanaki suna tafiya, sai ta ce ba za a zauna ana kallon juna ba. Ta sa mijinta ya zaɓo biyu daga cikin samarin da suka fi kai, ta ba su falonta da allonta. Kullum daga safe har la'asar Alkasim yana tsaye yana zana musu hanyoyin wuta, yana tambayarsu in wannan ya mutu me za su fara dubawa, in sun kuskure ya goge ya sake. Abdulwahidu yana kawo hotunan ɗakin inji a wayarsa ƙarshen mako. 'Yan ajin Ɗelu suka koma falona, ita kuma tana kai da kawo tsakanin gida biyu tana mita.

“Dubi abin da aka mayar da ni. Ƙasa guda da manyanta da kwamitocinta, a ce a falon Ɗelu ake koyon jirgin yaƙi. Sun cinye mini alkalamin allo, sun cinye mini shinkafa.”

Hutun Alkasim ya ƙare, ya koma jirginsa bai ga 'ya'yansa ba. Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki izini ya iso. Abdulwahidu ya karanta mata a waya. Ɗelu ta ce ya buga shi a takarda ya yi masa firam, ta kashe wayar.

Jirgin ya tashi a ƙarshen wannan shekarar da Abdulwahidu a ciki. Ɗelu da Kamila suka tsaya, saboda yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare. Makonnin nan Ɗelu ta rame. Sau ɗaya wuta ta ba su matsala a hanya, samarin nan biyu da Abdulwahidu suka gano inda take, suka lallaɓa har wata tasha, suka zauna jiran kayan gyara. Ranar da aka ce sun isa gida lafiya ta dafa shinkafa da kaji ta raba wa duk hawan namu, har da maƙwabtanmu 'yan Sin da ba su san dalili ba.

Ya yi ritaya ba da jimawa ba. Shiri ya zama da Kamila ta gama jarrabawa za su bi shi, a zauna a Kano gaba ɗaya. Ina gidanta wata rana da azahar muna tsince wake ya bugo, ta sa shi a sifika don hannunta ba sarari. Bayan gaisuwa sai ya hau kame-kame.

Ta ce, “Faɗi abin da ke bakinka.”

Ya ce an sa hannu a kan jirgi na biyu, irin na farkon, a ma'aikatar nan dai. Masu ma'aikatar sun neme shi ya dawo ya yi musu aiki, tunda babu wanda ya san na farkon kamarsa.

Ɗelu ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce, “Ka amsa?”

“Na ce sai na yi shawara da ke.”

“Baban Kamila, muryarka ta riga ta amsa. Ka dawo. In ka zauna a Kano ba ka da abin gogewa sai tabarau, ni za ka dama. Amma ni na gama. Ba zan raka kowa kanti ba, ba zan ciyar da rukuni na uku ba. Gida za ni.”

Haka kuwa aka yi. Kamila ta ci jarrabawa, ta samu jami'a a nan, ta ce ita ba inda za ta. Abdulwahidu ya dawo gidan nan dai na hawanmu, ita kuma Ɗelu ta koma Kano, wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauke ta koyar da lissafi. Mu da aka ce wa shekara uku har yanzu muna nan, maigidana yana gyaran babi na ƙarshe.

Kusan kullum sai ta turo mini saƙon murya. Ta yi faɗan wutar lantarki, ta yi faɗan 'yan adaidaita, ta ce ta manta yadda ake jiran abin hawa babu tabbas, ta ce ɗalibanta ba su iya kasafi ba. Sannan a ƙarshe ta ce in leƙa in ga ko mutanen nan suna girki, ko kuwa kullum abincin kanti ne.

Shekaranjiya na haɗu da Abdulwahidu a lif, riƙe da ledar shinkafar da ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe, daga kantin ƙasa. Ya ɗan ɓoye ta a bayansa. Na gaishe shi, na tambayi Yaya Ɗelu, duk da na fi shi sanin labarinta.

Ya ce, “Tana nan lafiya. Ta ce za ta zo mana dogon hutu.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. Za ta daɗe?”

Ya ce, “Wata ɗaya. Da kanta ta yanki tikitin, zuwa da komawa. Ta ce kada in sa mata hannu a ciki.”